Wata 16 a Sashen Albashi: Yadda Wata Ma'aikaciya Ta Galabaita, da Yadda Ta Farfaɗo

## Asalin lamarin

Matar da wannan nazari ya shafa shekararta 38, ita ce kuma ke riƙe da sashen albashi a wani kamfani mai ma'aikata kusan 400. Shekararta tara a wurin. Su huɗu ne a sashen: ita, da mataimakinta, da mutum biyu masu shigar da bayanai a kwamfuta. Aikin albashi da lokacinsa yake tafiya. Makon farko da na biyu na wata ana ɗan numfasawa, a na uku a fara tattara gyare-gyare, na ƙarshe kuwa ba mai ɗaga kai. Kafin abin ya taso tana yin sa'a 42 zuwa 44 a mako, tana barcin sa'a bakwai, ba ta kuma da wani ciwo da aka sani. Abu biyu abokan aiki suka san ta da su: lissafinta ba ya kuskure, kuma bakinta ba ya iya cewa a'a.

## Fabrairu zuwa Yuni: mataimaki ya tafi

A Fabrairu mataimakinta ya ajiye aiki. Aka ce za a ɗauki wani nan da wata biyu. Wata biyu suka zo suka wuce, zance ya shiririce. Tantance haraji, da lissafin fansho, da sauraron ƙorafin ma'aikata duk suka dawo teburinta.

Buƙatu ta ƙofa biyar suke shigo mata: imel, da WhatsApp, da kiran waya, da takarda, da wanda zai zo ya tsaya a kanta sai an biya masa buƙata. Babu ranar da aka tsayar aka ce daga yau an rufe karɓar gyara, don haka ko ana gobe biyan albashi wani na iya kawo canjin asusun banki ko ƙarin girman da aka manta. Shugabanta kuma mutum ne mai aikin dare. Yakan turo saƙo ƙarfe goma, wani lokaci sha ɗaya. Bai taɓa cewa ta amsa a take ba, bai kuma taɓa cewa ta bari sai da safe ba. Ita kuwa amsawa take yi.

Zuwa Mayu tana yin sa'a 56 zuwa 58 a mako. Wannan ya haura iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka yi gargaɗi a kanta a rahotonsu na 2021, inda suka nuna cewa mai yin sa'a 55 ko fiye a mako haɗarin shanyewar ɓarin jiki ya ƙaru masa da kashi 35 cikin ɗari, na mutuwa da ciwon toshewar jijiyoyin zuciya kuma da kashi 17, idan aka kwatanta da mai yin sa'a 35 zuwa 40.

Jiki ne ya fara magana. Ta fara farkawa wajen ƙarfe uku na dare, kanta cike da lambobi, barci kuma ya ƙi dawowa. Waya na yin ƙara sai gabanta ya faɗi. Wuyanta da kafaɗunta suka riƙe. Sai ta karanta layi ɗaya sau uku bai shiga ba. A Yuni ta daka wa ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatanta tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, abin da ba a taɓa gani daga gare ta ba. Akwai kuma wani sauyi da ita kaɗai ta san da shi: ma'aikacin da ya zo da ƙorafin an rage masa kuɗi, wanda a da takan zaunar da shi ta yi masa bayani, yanzu ganinsa take yi tamkar wanda ya zo ɓata mata lokaci.

## Yuli: kuskure, da maganin da ta yanke wa kanta

A albashin Yuli aka biya mutum 11 alawus sau biyu. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, an kuma cire shi a wata na gaba, amma wannan ne karo na farko a shekara tara da aka rubuta mata takardar neman ba'asi. Ta ɗauki abin a matsayin sakacinta. Sai ta fara zuwa ofis sa'a ɗaya kafin kowa, tana duba kowane jadawali sau biyu, ta kuma ƙara gahawa daga kofi biyu zuwa biyar a rana, na ƙarshe wajen ƙarfe biyar na yamma.

Barcinta ya sauko zuwa sa'a biyar. Ƙananan kurakurai suka ƙaru, sai dai tana kama su a dubawa ta biyu, wadda ita ma sa'o'i take ci.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Tun daga farkawar mutum wani sinadari mai suna adinosin ke taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ke kawo nauyin ido idan dare ya yi, barci ne kuma ke rage shi. Kafeyin ɗin da ke cikin gahawa ba ya kawar da adinosin, mazauninsa kawai yake toshewa. Gajiyar na nan daram, jin ta ne aka jinkirta. Jiki kan ɗauki kimanin sa'a biyar kafin ya fitar da rabin kafeyin ɗin da aka sha, ke nan kofin ƙarfe biyar rabinsa na nan a jini da ƙarfe goma na dare. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 2013, miligiram 400 na kafeyin da aka sha sa'a shida kafin kwanciya ya rage barci da fiye da sa'a ɗaya.

Abin da ya fi wannan haɗari shi ne mai ƙarancin barci ba ya ganin raunin kansa. A 2003, a Jami'ar Pennsylvania, Hans Van Dongen da abokan aikinsa sun taƙaita barcin lafiyayyun mutane zuwa sa'a shida a dare har kwana 14. Ƙwazonsu a gwajin mai da hankali ya yi ta raguwa kullum, har ya kusanci na wanda ya kwana ɗaya ko biyu bai runtsa ba, amma da aka tambaye su sai suka nuna barcin bai wani dame su ba. Ita ma haka take cewa a lokacin: ta saba.

## Agusta: hutun kwana goma

Ta ɗauki hutu, ta tafi da wayar aiki. Kwana ukun farko barci ta yi ta yi, da ciwon kai. Daga rana ta huɗu ta fara amsa abin da ake ce mata ƙananan tambayoyi ne. Duk da haka ta dawo da sauƙi a jiki, ta tarar da imel sama da 500 na jiran ta. Kafin mako na biyu ya ƙare farkawar ƙarfe uku ta dawo. An gudu ba a tsira ba.

Haka hutu ya saba yi idan aikin da za a koma bai sauya ba. Mina Westman da Dov Eden sun bibiyi ma'aikatan ofis a Isra'ila a wani bincike na 1997, suka ga galabaita ta ragu a lokacin hutu, ta fara dawowa kwana uku da komawa aiki, bayan mako uku kuma ta koma inda take.

## Satumba: bita kan juriya, da kashe waya

Kamfanin ya shirya wa ma'aikata bitar rabin yini kan juriya da sarrafa damuwa. An koya musu numfashi a hankali: a ja iska, a sake ta a tsawon da ya fi na ja. Dabarar gaskiya ce, domin doguwar fitar da numfashi tana motsa jijiyar da ke rage bugun zuciya. Ta gwada, ta ji sauƙi na 'yan mintoci, sai wani saƙo ya shigo. Daga bitar ta fito da fahimta ɗaya: ashe ita ce ba ta da juriya. Ba a yi maganar kujerar mataimakin da ke wofi ba ko sau ɗaya. William Fleming na Jami'ar Oxford ya duba bayanan ma'aikata sama da 46,000 a Birtaniya a wani nazari da ya fito a 2024, bai kuma ga wata alama ba cewa waɗanda suka shiga irin waɗannan shirye-shirye na gyaran mutum shi kaɗai sun fi waɗanda ba su shiga ba walwala.

Daga bitar ta ɗauko shawarar kashe waya da ƙarfe takwas na dare. Ba ta gaya wa kowa ba, kawai ta kashe. Nan abin ya ba ta mamaki: maimakon hankalinta ya kwanta, sai ya ƙara tashi. Tana kwance tana saƙe-saƙe, ko an turo wani abu, ko an neme ta ba a samu ba. Sau biyu ta tashi tsakar dare ta kunna wayar. A dare na biyar ta haƙura, ta yanke cewa ita dai ba ta gyaruwa.

## Oktoba: asibiti, da bayanin abin da ke faruwa a ka

A wani taron manajoji aka tambaye ta jimillar albashin wata, adadin da ta sani kamar sunanta. Kanta ya ɗauke gaba ɗaya. Ta nemi uzuri ta fita, ta yi kuka a bayan gida. Washegari ta je asibiti, a ranta tana tsoron ko wata cutar ƙwaƙwalwa ce ta kama ta.

Likita ya auna jininta ya samu 144 bisa 92. Gwajin ƙarancin jini, da na sukari, da na tairod, wata ƙaramar gaɓa a wuya, duk lafiya. Ya yi mata tambayoyin da ake tantance ciwon tsananin damuwa da su, domin alamominsa kan yi kama da na galabaitar aiki. Ya gano har yanzu tana jin daɗin zama da iyalinta idan tunanin ofis ya sake ta, ba ta kuma taɓa tunanin cutar da kanta ba. Ya ce mata idan ɗaya daga cikin biyun nan ya sauya, ta dawo a ranar, kada ta jira.

"Malama," ya ce, "yaushe rabonki da ki yi yini guda cur ofis bai faɗo miki a rai ba?"

Ba ta iya tunawa ba. Ta nemi a auna mata kotisol, don ta ji ana cewa shi ne sinadarin damuwa. Ya ce awonsa ba ya tabbatar da galabaita, domin yana hawa da sauka a cikin yini, sakamakon bincike a kansa kuma bai tsaya wuri ɗaya ba. Ya ba ta hutun rashin lafiya na mako ɗaya, ya tura ta wurin wata masaniyar halayyar ɗan Adam da ke aiki da ma'aikata.

Masaniyar ta fara da ba abin suna. A Mayun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana galabaitar aiki a kundinta na rarraba cututtuka, bugu na 11, a matsayin lamarin da ke tasowa daga matsin aiki mai daɗewa da ba a shawo kansa ba. Hukumar ba ta lissafa ta cikin cututtuka ba. Alamominta uku: ƙarewar ƙarfi, da nesanta zuciya daga aiki ko kallonsa da ƙyama, da jin ƙwazo ya ragu. Herbert Freudenberger ne ya fara bayyana ta a 1974 a jikin masu aikin sa kai a wani asibitin kyauta a Amurka, Christina Maslach da Susan Jackson kuma suka fitar da ma'auninta a 1981. Duka alamomin nan uku akwai su a tare da wannan mata.

A zama uku na gaba suka bi abin da ke faruwa a cikin ka. Can ciki, dama da hagu, akwai wasu ƙananan curi biyu da ake kira amigidala, aikinsu lura da barazana. Da zarar sun ga alama sai su sanar da wani ɓangaren ƙwaƙwalwa mai suna haifotalamus. Cikin daƙiƙoƙi sinadarin adirenalin ya fita, zuciya ta ƙara gudu, tsoka ta ɗaure. Bayan 'yan mintoci wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda su saki kotisol, wanda ke tura sukari cikin jini don a samu ƙarfi. Tsari ne mai kyau ga haɗarin da zai zo ya wuce. A lafiyayyen yanayi kotisol kan kai ƙololuwa kimanin rabin sa'a bayan farkawa, ya yi ta sauka har ya kai ƙasa wajen tsakar dare. Amigidala ba ta tantance girman barazana da kyau kafin ta yi kururuwa. Saƙon shugaba da ƙarfe sha ɗaya, ga mutumin da aka taɓa rubuta wa takardar ba'asi, ya ishe ta dalili.

Bayan goshi kuma akwai ɓangaren da ke riƙe lambobi a ka yayin lissafi, shi ke tsara abin da za a fara, shi ke hana baki faɗin abin da za a yi nadama, shi ne kuma ke lallashin amigidala idan ta yi kururuwar banza. Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta daɗe tana nuna cewa matsin da mutum ke jin ba shi da iko a kansa yana cika wannan ɓangare da sinadaran noradirenalin da dofamin fiye da kima, har sadarwar ƙwayoyinsa ta raunana, ragamar ta koma hannun amigidala da sabo. Ɗaukewar kanta a taro, da tsawar da ta yi a Yuni, daga nan suka fito. Rashin barci kuma yana ƙara wa wutar mai. A gwajin da Matthew Walker da abokansa suka wallafa a 2007, amigidalar waɗanda suka kwana ba barci ta fi ta masu barci zabura da kimanin kashi 60 cikin ɗari a gaban hotuna masu tayar da hankali, haɗinta da ɓangaren goshi kuma ya yi rauni. Matsi ya hana barci, rashin barci ya ƙara matsi.

Abin da ya fi sanyaya mata rai shi ne binciken Conor Liston da abokansa na 2009. Sun duba ɗaliban likitanci da ke shirin babbar jarrabawa, suka ga sadarwar ɓangaren goshi da iya juya hankali daga wani abu zuwa wani sun raunana. Wata ɗaya bayan matsin ya wuce suka sake duba su, suka tarar komai ya dawo daidai.

Sai ta tambayi abin da ya tsaya mata a rai: me ya sa kashe waya ya ƙara mata damuwa? Amsar tana cikin rashin tabbas. A 2016 masu bincike a Landan, Archy de Berker na cikinsu, sun sa mutane wasan kwamfuta na ɗaga duwatsu. Idan aka tarar da maciji a ƙarƙashi sai a ɗan ja wa mutum lantarki a hannu. Gumi da buɗewar ƙwayar ido, da damuwar da mutanen suka ce suna ji, sun fi yawa a lokacin da yiwuwar jan ta kasance rabi da rabi, fiye da lokacin da suka tabbata za a ja musu. Da ta kashe wayar ba tare da wata yarjejeniya ba, ba ta cire barazanar ba, idonta kawai ta rufe daga ganin ta. Ƙwaƙwalwarta ta zama kamar mai gadin da ba wanda ya zo ya karɓe shi: ko an kashe masa fitila ba zai kwanta ba.

Daga nan zance ya kai ga iko. Tun 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cin mutum shi ne wanda buƙatunsa ke da yawa, ikon mai yin sa a kan yadda zai yi shi kuma kaɗan ne. Binciken Whitehall na biyu, da aka fara a 1985 a kan ma'aikatan gwamnatin Birtaniya sama da 10,000, ya samu ciwon zuciya ya fi yawa a cikin masu ƙarancin iko a kan aikinsu. Ita kuwa ba ta da iko a kan lokacin da aiki zai shigo, ko ƙofar da zai biyo, ko ranar da zai tsaya.

## Nuwamba: rubuta abin da ke faruwa, da gyaran barci

Masaniyar ta sa ta riƙe littafi na mako biyu. Duk wanda ya katse ta ta ja layi, duk saƙon dare ta rubuta lokacinsa da ko zai iya jira. Sakamakon: ana katse ta kimanin sau 46 a yini. Mafi tsawon lokacin da ta samu ba katsewa minti 22 ne. Cikin saƙonnin dare 31, biyu kacal ne ba za su iya kai wa safe ba. Kashi biyu cikin uku na gyare-gyaren albashi bayan 22 ga wata suke zuwa.

Katsewar ba lokacin da aka ɓata kawai take ci ba. Sophie Leroy ta nuna a 2009 cewa idan mutum ya bar aikin da bai gama ba ya koma wani, wani yanki na hankalinsa kan maƙale a na farkon, sai na biyun ya samu ragowa. Taura biyu ba ta taunuwa, balle ga mai haɗa lissafin mutum 400.

A lokaci guda ta fara gyaran abin da ke hannunta. Ta rage gahawa sannu a hankali zuwa kofi biyu, babu ko ɗaya bayan tsakar rana. Ta sha ciwon kai na 'yan kwanaki kafin jiki ya saba. Ta tsayar da lokacin tashi guda, har ranakun hutu. Kafin ta bar ofis takan zauna minti goma ta rubuta ayyukan gobe dalla-dalla, da wanda za ta fara da shi, don kada kanta ya ci gaba da riƙe su cikin dare. A gwajin da Michael Scullin ya yi a Jami'ar Baylor a 2018, waɗanda suka yi minti biyar suna rubuta ayyukan da ke gabansu sun fi saurin yin barci a kan waɗanda suka rubuta ayyukan da suka riga suka gama. Ta ƙara da tafiyar ƙafa ta rabin sa'a, sau biyar a mako.

Barci ya tashi daga sa'a biyar zuwa shida, ya tsaya a nan. Sa'o'in aiki ba su sauko ƙasa da 55 ba, gabanta kuma bai daina faɗuwa da ƙarar waya ba.

## Ƙarshen Nuwamba: zama da shugaba

Ta shiga ofishinsa da takarda ɗaya.

"Yallaɓai, ba ƙorafi na kawo ba. Ga abin da mako biyu suka nuna."

Ya daɗe yana kallon adadin saƙonnin dare. "Malama, ai ni in na turo da dare don kada in manta ne. Ban taɓa nufin ki amsa a lokacin ba."

Suka yi yarjejeniya. Duk abin gaggawa bayan tashi daga aiki kira za a yi. Rubutaccen saƙo, ko daga wa ya fito, sai ƙarfe takwas na safe. An tsayar da 20 ga wata a matsayin ranar rufe karɓar gyara. An buɗe adireshin imel guda na sashen, duk buƙata ta nan za ta bi. Daga takwas da rabi zuwa goma da rabi na safe ƙofarta a rufe take, ɗaya daga cikin ƙananan ma'aikatan ke karɓar baƙi. Imel kuma sau uku za ta riƙa dubawa a yini, tsarin da Kostadin Kushlev da Elizabeth Dunn suka gwada a Kanada a 2015 suka ga ya rage wa mutane damuwa. Maganar ɗaukar mataimaki kuwa ya ce a'a, kasafin shekara ya rufe.

## Disamba zuwa Maris: sauƙi, koma baya, da gyara

A makon farko hannunta bai daina kai wa waya ba. A mako na uku ta lura ta yi dare biyu ba ta duba ba. Wayar a kunne take, amma shirunta yanzu yana da ma'ana: tunda ba a kira ba, babu abin da ke ci da wuta. Barci ya kai sa'a shida da rabi. Numfashin da bai yi mata komai ba a Satumba ya fara amfani kafin taro da bayan gardama. Albashin Disamba ya fita kwana ɗaya kafin lokaci.

A Janairu, ana tsaka da lissafin harajin shekara, wani babban manaja ya kawo gyara ranar 26 ga wata. Da ta ce an rufe, ya wuce wurin shugabanta, shi kuma ya ce a yi masa, wannan karon kawai. Labari ya bazu. Kafin Fabrairu ya yi nisa kowa ya gane ranar 20 ana iya tsallake ta. Cikin kwana goma barcinta ya koma sa'a biyar da rabi.

Bambancin shi ne wannan karon ta san alamominta, ta ma rubuta su tun Nuwamba: farkawar ƙarfe uku dare uku a jere, da maimaita karatun layi ɗaya. Mako biyu da ganin su ta koma wurin shugaban da sabbin alƙaluma. Ya fitar da sanarwa a rubuce cewa duk gyaran da ya zo bayan 20 ga wata zai shiga albashin wata mai zuwa, sai dai wanda shi da kansa ya sa wa hannu. A Maris aka ɗaukar mata mataimaki na kwana uku a mako, kwantiragin wata shida.

## Mayu: inda aka tsaya

Tana yin sa'a 45 zuwa 47 a mako. Barci kusan sa'a bakwai. Jini 126 bisa 82, ba tare da magani ba. Tun Disamba ba a samu kuskuren da ya kai ga asusun wani ma'aikaci ba. Gajiyar jiki ce ta fara tafiya, sai mai da hankali ya dawo. Nesanta zuciyar da take yi daga aikin da masu ƙorafi shi ya fi jinkiri, har yanzu kuma bai gama tafiya ba.

## Abin da ya yi aiki, da dalilinsa

Duk abin da ya gaza a lamarin nan hali ɗaya gare shi: ya nemi ƙwaƙwalwa ta huta alhali abin da take gadi yana nan. Gahawa ta ɓoye gajiya, hutu ya ɗage ta, numfashi ya kwantar da zuciya na mintoci, kashe waya ya ƙara duhu. Gyaran barci da tafiyar ƙafa sun taimaka da gaske, sun dawo mata da sa'a guda ta barci da isasshen natsuwar da za ta tsara hujjarta, amma a nan ƙarfinsu ya ƙare. Sauran sa'ar, da daina faɗuwar gaba, sai da aka sauya yadda aiki ke iso ta. Koma bayan Janairu shi ya fi komai tabbatar da haka a ganina: ba ta sauya komai a ɗabi'unta ba, ƙa'ida ɗaya aka karya, cikin kwana goma barci ya rushe.

Sanin yadda ƙwaƙwalwa ke aiki bai rage mata ko takarda ɗaya daga teburi ba. Amfaninsa a wani wuri yake. Ya cire mata tsoron cuta da kunyar ganin kanta raguwa. Ya nuna mata abin da za ta fara da shi. Mafi girma, ya sauya abin da ta nema a wurin shugabanta. Da a Satumba ta shiga ofishinsa, ƙarin hutu za ta roƙa, a ba ta, ta dawo gidan jiya. A Nuwamba tabbas da iko ta nema, waɗanda ba su ci wa kamfanin ko sisi ba.

Ina da damuwa da yadda ake amfani da irin wannan ilmi a wasu wuraren aiki, inda za a koya wa ma'aikaci sunan amigidala sannan a bar shi da aikin mutum biyu. Nauyi mafi girma a wannan lamari a wuyan kamfanin yake. Shi ya bar kujera wofi wata 13, shi ya rubuta takardar ba'asi ba tare da tambayar abin da ya sa mai shekara tara ba kuskure ta fara kuskure ba. Jimlar da shugabanta ya faɗa a Nuwamba, cewa saƙon dare zai iya jira, da ya faɗe ta a Fabrairu da an rage mata watanni na rashin barci. Ba mugun mutum ba ne, bai dai taɓa tunanin yadda saƙonsa ke sauka a ɗaya ɓangaren ba, kuma babu wani tsari a wurin da zai sa ya tambaya.

Jinkirin dawowar sha'awarta ga aikin ma yana da bayani. Maslach da Michael Leiter sun lissafa fannoni shida da rashin daidaito a cikinsu ke kai ma'aikaci ga galabaita: yawan aiki, da iko, da sakayya, da zamantakewa da abokan aiki, da adalci, da dacewar aikin da abin da mutum ya yi imani da shi. An taɓa biyun farko. Sakayya da adalci ba a taɓa su ba. Ta yi fiye da shekara tana aikin mutum biyu, ba ƙarin albashi, ba ko takardar godiya, takardar ba'asin Yuli kuma tana nan a fayil ɗinta. Ta rubuta tana neman a cire ta, a kuma mai da mataimakin na dindindin kafin kwantiraginsa ya ƙare a Agusta. Zuwa ƙarshen Mayu ba a ba ta amsar ko ɗaya ba.